Abin da Ke Hawa da Abin da Ke Dawowa: Sharhi Kan Karatu ta Intanet a Makarantun Maradi

A wata cibiyar koyon sana'a da ke cikin garin Maradi, daraktan karatu ya taɓa juyo mini fuskar kwamfutarsa cikin alfahari domin in ga dandalin karatun da wani shirin tallafi ya girka masu. Komai yana wurinsa: an jera fannoni, an zuba darussa, an shigar da sunayen ɗalibai aji bayan aji. Sai na roƙe shi ya buɗe shafin da ke nuna ranar da kowane ɗalibi ya yi shigarsa ta ƙarshe, kuma a gaban mafi yawan sunayen kalma guda ce ta Faransanci ke maimaita kanta har ƙasan shafin, wato "Jamais", ma'ana bai taɓa shiga ba ko sau ɗaya. A daidai wannan lokaci, a ƙarƙashin dogon yaron da ke tsakar makarantar, delegen wani aji, wato wakilin ɗalibansa, ya shimfiɗa takardun darasin lantarki a kan sirdin babur yana ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya yana turawa zauren WhatsApp na ajinsu, kuma kafin ya gama shafi na huɗu wani ya riga ya rubuto masa cewa na biyu bai fito da kyau ba, ya sake. Karatu ta intanet yana gudana a wannan makaranta, amma ba a inda aka kashe kuɗi dominsa ba.

Dandalin karatu, ga wanda bai saba da shi ba, manhaja ce da ke tara abubuwan da aji ke buƙata wuri guda: malami ya ɗora darasi, ya ba da aikin gida, ya sa ranar da za a kawo, ɗalibi ya turo amsarsa, malami ya duba ya ba da maki, kuma duk wannan ya zauna a rubuce yadda za a iya komawa gare shi. Wanda ya fi yaɗuwa a jami'o'in ƙasashen da ke aiki da Faransanci shi ne Moodle, wanda wani ɗan Ostireliya mai suna Martin Dougiamas ya fitar a 2002, kuma kyauta ne, kowace makaranta na iya girka shi a na'urarta. Akwai Google Classroom da ya fito a 2014, mai sauƙin koyo amma mai dogaro da intanet kusan a kowane mataki. Akwai kuma manyan dandalolin kwasa-kwasan da kowa ke iya shiga, irin Coursera da edX da aka buɗe a 2012, da FUN na Faransa da ya biyo baya a 2013. Kowanne daga cikinsu an gina shi ne da tunanin ɗalibin da ke da kwamfuta a gabansa, da wutar da ba ta yankewa, da intanet ɗin da ake biya a wata ba tare da ƙirga mega ba, kuma daga nan ne yawancin matsalarmu ta samo asali.

Shekarar 2020 ce ta fito da wannan a fili. Da aka rufe makarantun Nijar a ranar 20 ga Maris saboda cutar korona, har zuwa farkon Yuni da aka sake buɗewa, kowace makaranta ta kama abin da hannunta ya kai gare shi. Malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da na makarantun fasaha da na cibiyoyi masu zaman kansu sun koma ga WhatsApp, domin shi ne ke cikin wayar kowa, kuma shi ne ke haƙuri da rezo mai rauni: saƙo ya tsaya yana jira, idan hanya ta buɗe ya wuce. Darasin da ya kamata a ɗauka daga wancan lokaci shi ne cewa ɗalibai sun nuna irin kayan aikin da ke shiga rayuwarsu. Abin da aka ɗauka a wurare da yawa kuwa shi ne cewa muna buƙatar dandali, sai aka sayo ko aka karɓi kyauta, aka yi taron horo na kwana uku a wani otal, aka raba takardun shaida, aka watse.

Sharuɗɗan da dandali zai yi aiki a cikinsu a Maradi sanannu ne ga duk wanda ke zaune a nan. Wutar garin, kamar ta Damagaram, ta daɗe tana dogaro da layin da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa, kuma da Najeriya ta katse wutar a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai da aka shafe watanni ana rabon ta unguwa-unguwa, har bayan da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Ko a shekarar da babu rikici, watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya kai ƙarshe kuma jarrabawa ke ƙaratowa, su ne watannin da wuta ta fi wasa da mutane. Ɗalibi kuma da wayarsa yake karatu, ba da kwamfuta ba, waya mai ƙaramar fuska da ƙaramin ma'aji, wadda sau da yawa sai ya goge hotunan biki kafin wani fayil ya samu wurin zama. Intanet ɗinsa forfe ne na kwana ɗaya ko na mako a layin Airtel ko Moov ko Zamani, wanda yake saya da kuɗin da zai iya zama na kalaci ko na kabu-kabu. Sa'a guda ta darasin bidiyo kai tsaye tana iya lashe mega ɗari biyar ko fiye, alhali bayanin murya na minti goma bai wuce ƴan mega kaɗan ba, shafi na rubutu kuwa kusan bai cin komai. Malamin da ya kira ajinsa a Zoom ƙarfe huɗu na yamma ya zaɓi waɗanda za su halarta tun kafin a fara, domin ɗalibar da ta koma gida Dakwaro ko Mayahi hutu ba ta cikin lissafin.

Saboda haka dandalin da ya dace da mu shi ne wanda ba ya tilasta wa malami da ɗalibi su haɗu a lokaci guda. Manhajar Moodle ta waya tana ba da damar a sauke darasi a lokacin da ake da rezo, a karanta shi har a amsa wasu tambayoyin ba tare da intanet ba, sannan amsar ta tafi da kanta idan an sake haɗuwa. Wannan dama tana nan a cikin manhajar, amma sai wanda ya girka dandalin ya kunna ta, sai kuma malami ya shirya darasinsa yadda zai karantu a fuskar waya. Takardar darasi mai shafi sittin da aka ɗauki hotonta aka dunƙule a fayil guda mai nauyi ba ta zama darasin intanet ba don kawai an ɗora ta. Fotokofi ce da ta canza wurin zama, kuma a gaskiya ta takarda ta fi ta daɗin karantawa. Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar intanet gaba ɗaya: ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ba ta fi tafin hannu ba, ana iya ɗora mata MoodleBox ko Kolibri ta riƙa watsa darussa ta wifi ga wayoyin da ke cikin harabar makaranta, batiri da ƙaramin faifan hasken rana sun ishe ta. Ga cibiyar koyon sana'a a Tibiri ko Madarumfa ko Gidan Rumji, wannan ya fi kusa da hankali fiye da jiran ranar da kowane ɗalibi zai iya sayen forfe na wata. Shigowar Starlink a hukumance tun 2025 ta sauƙaƙa wa makarantar da ke da hali samun intanet mai ƙarfi a harabarta, sai dai ba ta canza abin da ke aljihun ɗalibi idan ya koma gida ba.

Duk wannan gyaran hanya ne kawai. Abin da ke raba dandali mai rai da matacce shi ne abin da ke dawowa daga ɗalibi zuwa malami, da abin da malami ke mayarwa. Rahotannin da ake kai wa masu ba da tallafi suna ƙirga abin da ya hau: darussa nawa aka ɗora, ɗalibai nawa aka yi wa rajista, malamai nawa aka horar. Da wuya a ga rahoton da ya faɗi ayyukan gida nawa ɗalibai suka turo a wata, da kwana nawa suka jira kafin a duba masu. Alhali a nan ne kaɗai dandali ya fi WhatsApp. A zauren WhatsApp darasi yana nutsewa a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar rasuwa da tallar turare, kuma malami ba shi da hanyar sanin wanda ya karanta ya gane da wanda ya buɗe ya rufe. A dandali kuwa, idan malamin lissafi ya sa tambayoyi goma bayan darasin mako, na'ura ta duba su nan take, kafin safiyar Litinin ya san cewa kashi biyu cikin uku na ajin sun faɗi a tambaya ta bakwai, sai ya shiga aji ya fara daga nan. A ajin jami'a mai ɗalibai ɗari biyu ko uku, inda malami ba ya sanin halin da ɗalibi ke ciki sai ranar jarrabawar ƙarshen zango, wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman a tsarin LMD na jami'o'i (lisans, masta, dokta) da ya ce a riƙa auna ɗalibi a kai a kai, abin da a aikace yakan ƙare a gwaji guda ɗaya da ake yi cikin gaggawa.

Bincike ya goyi bayan wannan, kuma wani ɓangarensa a ƙasarmu aka yi shi. Masu nazarin kwasa-kwasan da jami'o'in Harvard da MIT suka buɗe wa duniya a edX sun gano cewa waɗanda ke kai wa ƙarshe ba su wuce wajen kashi 5 cikin 100 na masu shiga ba, duk da cewa darussan daga ƙwararrun malamai suke kuma da yawa daga cikin masu shigar ba su da matsalar wuta ko rezo. Mutum shi kaɗai a gaban na'ura, babu mai tambayarsa ina ya kwana, yakan bari. A gefe guda kuma, Jenny Aker, wadda a lokacin take Jami'ar Tufts ta Amurka, da abokan aikinta sun bi diddigin azuzuwan yaƙi da jahilci a Nijar, da farko a jihohin Doso da Damagaram inda koyar da manya amfani da wayar hannu ya ƙara masu ƙwarewar karatu da lissafi, daga baya kuma a ƙauyukan Maradi da Damagaram inda aka gwada abu mafi sauƙi: kiran waya duk mako ga malami da maigari da wasu ɗalibai a tambaye su ko ana karatu. Wannan kira kaɗai ya ɗaga sakamakon ɗalibai. Babu sabon darasi da aka ƙara, sanin cewa wani yana bibiya ne ya yi aikin. Dandalin karatu yana iya zama irin wannan kira, idan akwai mutum a ɗaya gefen.

Wannan mutum shi ne malami, kuma a nan ne maganar ta fi ɗaci. Shirya darasin da zai tsaya da ƙafarsa a waya, da yanka shi gunduwa-gunduwa, da rubuta tambayoyin da amsoshinsu na kuskure ma suna koyar da wani abu, yana cin lokaci fiye da tsayawa gaban allo a yi shifta. Amsa tambayoyin ɗalibai da dare kuma aiki ne da ba ya ƙarewa. Amma tsarin biyan malamai a makarantunmu yana ƙirga sa'o'in da aka tsaya a aji ne kawai. Malamin kwantiragi da albashinsa ke jinkiri, ko wanda ake biya da sa'a yana zagaya makarantu uku a kan babur tsakanin unguwannin Ali Ɗan Tsoho da Zariya na cikin Maradi, idan aka ce ya ƙara wannan aiki a kan forfe ɗin aljihunsa, zai yi mako biyu don kunyar darakta sannan ya bari, kuma ban ga laifinsa ba. Wani malamin kanikanci ya faɗa mini a taƙaice: "Malam, ni na sayi mega, ni na yi cajin waya a shago, ni na kwana ina duba aiki, a takardar biya kuma babu ko dala." Akwai kuma tsoron da ba a cika faɗa ba, cewa idan malami ya ɗora darasinsa gaba ɗaya, makaranta za ta riƙe shi ta sallame shi, ko wani ya kwafe ya sayar a bakin ƙofa. Makarantar da ke son dandalinta ya rayu sai ta rubuta a fili sa'a nawa na aikin intanet ke daidai da sa'a guda ta aji, wa ke biyan intanet ɗin malami, kuma darasin da aka ɗora mallakar wa ne. Haka nan sai an samu mutum guda a cikin ma'aikata wanda aikinsa ne ya sabunta wa ɗalibi kalmar sirrin da ya manta, domin ɗalibai da yawa a ranar da suka kasa shiga karo na biyu suke yin sallama da dandali har abada.

Makarantun sana'a suna da tasu tambayar ta daban, wadda ta fi ta jami'a tsanani. Ba a koyon walda ta waya, ba a koyon ɗaura waya a gida ko kwance injin babur ko yanka yadi ta kallon hoto, hannu ne ke koyo, kuma sai ya yi kuskure a gaban wanda zai buge shi ya gyara. A makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da cibiyoyin koyon sana'a na CFPT da CFM, abin da ya fi ƙaranci shi ne lokacin ataliye, wato ɗakin aikin hannu, da kayan aiki, inda ɗalibai da yawa ke layi a kan na'ura guda. Amfanin dandali a nan shi ne ya kwashe bayanin baki daga ataliye: sunayen sassa, ƙa'idojin kariya, yadda ake karanta zane, lissafin kauri da tsawo, duk ɗalibi ya zo da su a kansa, ya amsa ƴan tambayoyi kafin a bar shi ya taɓa na'ura, domin sa'o'i uku na ataliye su zama na aiki daga farko har ƙarshe. Bidiyon minti biyu da malamin ya ɗauka da wayarsa, a kan injin da ɗaliban za su taɓa gobe, ya fi wanda aka ɗauko daga wata masana'antar Turai mai kayan da ba za su gani ba a kasuwar Maradi. Hanyar tana aiki ta ɗaya gefen ma: yaron da aka tura istaj, wato zaman sanin makamar aiki, garejin wani ubangida a Sabon Gari yana iya ɗaukar hoton aikin da ya yi a kowane mako ya turo, malaminsa ya gani ko ana koya masa sana'a ne ko kuwa aiken sayen shayi kawai yake yi. Ga shirye-shiryen koyon sana'a da FAFPA, asusun gwamnati na tallafa wa koyon sana'a, ke tallafawa, inda yaro ke raba lokacinsa tsakanin cibiya da shagon ubangida, wannan littafin bibiya na hotuna yana iya zama abu mafi amfani da dandali zai bayar.

Harshe ma yana cikin lissafi. Yawancin masu shiga cibiyoyin sana'a sun bar makaranta da wuri, Faransancinsu na karatu bai da ƙarfi, wasu ma allo suka yi ba boko ba. A ataliye malami yana bayani da Hausa yana kiran sassan inji da sunayen da makanikai suka sani, amma da zarar an ce a ɗora darasi a dandali sai ya koma dogon rubutun Faransanci, kamar na'urar ba ta jin wani harshe. Tana ji, domin murya murya ce. Yanzu da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, babu wani dalilin jin nauyin haɗa kowane darasi da bayanin murya na Hausa, a bar kalmomin fasaha yadda za su zo a jarrabawa. Ƴan mata kuma suna da tasu matsalar: da yawa wayar da suke amfani da ita ta yaya ce ko ta miji, tana zuwa hannunsu na ɗan lokaci da dare, wasu kuma iyaye ba sa son lambarsu ta shiga zauren da maza ke ciki. Dandalin da ake shiga da suna da kalmar sirri, ba tare da lambar kowa ta bayyana ba, ya fi WhatsApp kare su, kuma wa'adin aikin gida na kwana uku ya fi na sa'a uku yi masu adalci.

Batun jarrabawa ba ya buƙatar dogon bayani. Ba a san wanda ke riƙe da wayar ba, kuma tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT suka bazu daga ƙarshen 2022, rubutaccen aikin gida ya daina zama hujjar cewa ɗalibi ya iya. Gwajin mako-mako ya zauna a dandali da ɗan maki kaɗan, domin amfaninsa nuna wa ɗalibi da malami inda aka tsaya ne; jarrabawar da takardar shaida ta rataya a kanta kuwa a yi ta a aji ko a ataliye, ido na ganin ido.

Ƙasashen da suka riga mu ma a nan suka tsaya. Senegal ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, kuma duk da sunanta sai da ta gina cibiyoyi a garuruwa daban-daban inda ɗalibai ke zuwa su samu wuta da intanet da mai taimaka masu, su kuma zauna jarrabawa. Buɗaɗɗiyar jami'ar Najeriya, NOUN, ita ma da cibiyoyin karatu take tafiya a jihohi, har da Katsina da ke maƙwabtaka da mu. Makarantar da ke Maradi ba ta buƙatar gini sabo domin ta kwaikwayi wannan: ɗaki guda mai faifan hasken rana, da wuraren caji masu yawa, da wifi, da ƙofar da ke buɗe har bayan sallar isha'i da ranar Asabar, zai shigar da ɗalibai dandali fiye da kowane taron wayar da kai.

Da na koma waccan cibiya bayan wasu watanni, shafin bai canza sosai ba, in ban da aji guda. Malamin lantarki ya daina tura darasi a WhatsApp, sai dai ya tura sanarwa cewa tambayoyin mako sun hau, kuma wanda bai amsa ba ba zai taɓa allon gwaji ranar Laraba ba. Delegen nan da ke ɗaukar hoto a kan sirdin babur shi ne yanzu ke zagayawa da wayarsa yana buɗe wa waɗanda forfe ɗinsu ya ƙare intanet na minti biyar domin amsarsu ta wuce. Sauran azuzuwan suna nan da "Jamais" ɗinsu, malamin lantarkin kuma har yanzu shi ke sayen megarsa.